Tela da Rigar Lahadi

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wata mata ce mai ɗinki, kowa Tela yake ce mata, har uwar da ta haife ta. Shagonta na bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani. In ka shiga, ga keken ɗinki biyu suna fuskantar juna, ga teburin yanka duk zanen alli, ga dogon madubi a jingine da bango, ƙasa kuwa ƙyallaye ne da guntayen zare masu bin mutum har gida. Hannunta na da kyau, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Bakinta ne dai ba a yi masa kalmasa ba.

A bayan shagon suke zaune su uku: ita, da Inna mahaifiyarsu wadda ciwon ƙafa ya kwantar, da ƙanwarta Auta. Tun rasuwar ubansu Tela ce uba a gidan. Ita ta bar makaranta ta hau keke, ita ta sallami manema saboda babu mai riƙe Inna, ita ta ga Auta ta yi karatu. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ta bari kowa ya manta.

Tela ba ta taɓa kafa allo a ƙofar shago ba. Tallarta ranar Lahadi ce, a cikin majami'a. Auta doguwa ce, ko buhu ta sa sai ya zauna mata, don haka kowane mako Tela kan ɗinka sabuwar riga a kan awonta. A ikilisiyarsu kuwa, in lokacin baiko ya yi, wato ba da kuɗi don aikin Allah, benci-benci ake tashi, a bi ta tsakiya ana waƙa har gaba inda masu hidima ke riƙe da kwanduna, a saka, a dawo ta gefe. Wannan 'yar tafiyar ce Tela ta mai da kasuwarta. Ta koya wa Auta ta dakata sai na gabanta sun yi nisa, don a samu fili. Ta yi tafiya a hankali. Kada ta riƙe jaka, jaka na ɓoye ƙugun riga. In ta saka baikon ta juya sannu, a ga ɗinkin baya. Tun a bakin ƙofa Tela kan danƙa mata baikon su biyu a tafin hannu, ita kuwa ta wuce bencin ƙarshe ta zauna, ta ce bayanta ba ya son tashi da zama.

Daga bencin nan ba Auta take kallo ba. Kawunan mata take kallo: wadda ta waiga, wadda ta zunguri ta kusa da ita, wadda ta yi kamar tana duba littafin waƙa alhali idonta na kan hannun riga. Kafin a yi addu'ar rufewa Tela ta san waɗanda za su sallama mata ranar Litinin, har ta san launin yadin da za su zo da shi.

Haka aka yi shekara da shekaru, har wata sabuwar tela ta buɗe shago a tsallaken titi, ta jera 'yan tsanar roba a bayan gilashi, kowace da riga. Tela ta leƙa ta yi tsaki, ta ce ita tata 'yar tsanar tafiya take yi, har waƙa tana yi. Auta na zaune tana saka maɓalli lokacin da aka faɗi haka, ba ta ɗago kai ba.

Ana nan sai zazzaɓi mai zafi ya kama Auta, aka kwantar da ita a asibiti, har aka fara cire rai. Tela ta rufe shago ta yi jinya, ta yi faɗa da likita, ta yi faɗa da mai shara, ta yi faɗa da wata nas 'yar ikilisiyarsu don ta ga tana yawan zama tana yi wa Auta addu'a maimakon ta ƙara mata ruwa. Allah ya tashi kafaɗar Auta, ta dawo gida ta rame. Tela ta ga ramar, zuciyarta ta ce mata wannan jikin ya samu, yanzu ne riga za ta fito. Ta ɗauko wani leshi kore da ta daɗe tana ajiya, ta yi masa shafi mai santsi, ta yi tattara a hannu wadda ba a taɓa gani ba a unguwar. Da wannan rigar take so ta rufe bakin ta tsallaken titi.

Ranar Asabar da rana ta kira Auta gaban madubi, allurai a bakinta, rigar a kafaɗa.

"Yaya, ba zan sa ba," in ji Auta.

Tela ta ɗauka maganar awo ce, ta ce ta cikin haƙora in ta yi yawa yanzu za a rage. Auta ta ce ba yawa ba ne. Ta ce lokacin da take kwance tana jin numfashinta na tsinkewa, ta so ta yi addu'a, ta nemi abin da za ta ce wa Ubangiji ta rasa. Abin da ke zuwa mata kawai shi ne wace riga za a ce ta sa a Lahadinta ta ƙarshe. Ta ce tsoron da ta ji a nan ya fi tsoron mutuwar, kuma ta yi wa Yesu alkawari in ya tashe ta, duk ranar da ta sake bin tsakiyar majami'a wurinsa za ta, ba wurin idon mutane ba.

Tela ta zare alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a ƙyallen da ke ɗaure a wuyan hannunta. Sannan ta fara. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta tuna wa Auta takalmin makaranta, ta tuna mata idonta da ya lalace a kan zare baƙi, ta tuna mata kwanan asibiti a kan benci. Ta ce ita ta ɗinka labulen majami'a kyauta, ita ta ɗinka rigunan mawaƙa kyauta, ko ɗankwalin da matar Fasto ke taƙama da shi daga teburin nan ya fito. Ta ce tun Auta na fitsarin kwance take zuwa sujada, yau kuma zazzaɓi ɗaya ya mai da yarinya waliyyiya, har za ta koya mata tsoron Allah.

"To, Uwar Tsarki, gaya mini," in ji Tela. "Abincin da kike ci, mala'iku ne ke sauko da shi, ko rigar Lahadi?"

"Zan yi miki yanka, Yaya, zan yi guga, zan kwana a kan keke in kina so. Ranar Litinin ki sa mini kowace riga in zaga kasuwa da ita. Amma ban da gidan Allah."

"Kasuwa? Wa ke kallon riga a kasuwa, kowa na neman hanya? A coci ne mutum ke zaune ba shi da abin yi."

Maganar ta fita kafin ta ji nauyinta. Auta ta dube ta kawai, kuma wannan duban ne ya ƙarasa kunna Tela. Ta jefa rigar a kan tebur ta ce ko dai Auta ta sa ta gobe, ko ta nemi wani rufin, don ita ba za ta ciyar da mai zaginta a gidanta ba. Daga ɗakin ciki Inna na ta kira, tana cewa Tela ta ji tsoron Allah, yarinyar ko ƙarfi ba ta gama yi ba. Tela ta taka keke ba komai a ƙarƙashin allura, don dai ƙararsa ta danne muryar tsohuwa.

Auta ta haɗa kayanta a jaka ɗaya, ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, ta koma wurin nas ɗin nan. Kullum da safe sai ta shigo ta ƙofar baya ta yi wa Inna wanka, ta shafa mata magani, ta fita. Tela na jin motsinta ta cikin bango, tana jin 'yar dariyarsu ƙasa-ƙasa, sai ta ƙara wa keke wuta har zare ya tsinke.

Ba ta tsaya nan ba, ta kai ƙara wurin Fasto. Ta same shi a ɗan ofishinsa yana fama da wata fanka da ta ƙi juyawa. Ta ce masa ana raba mata gida da sunan addini, ya kira yarinyar nan ya gaya mata biyayya ga na gaba ma ibada ce. Fasto dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurare ta har ta gaji, sannan ya ce shi daga kan bagade, inda yake tsayawa wa'azi, yana ganin fuskokin mutane duka, kuma ya daɗe da lura cewa in Auta ta tashi baiko, rabin majami'a kan manta baitin da ake ciki. Ya ce laifinsa ne da bai yi magana tuntuni ba, kunya ce ta hana shi, saboda labulen. Tela ta miƙe ta ce in labule ne ya rufe masa baki, gobe za ta zo da tsani ta kwance abinta, ya samu sarari ya yi magana. Fasto ya ce in ta zo ta gaya masa, zai riƙe mata tsanin, kada ta faɗo. Ta fita ta bugo ƙofa har fankar ta motsa.

Labulen dai ba ta kwance ba. Amma Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Auta na zuwa sujada da tsohuwar rigarta mai ruwan toka, ta ma shiga cikin masu hidima, masu share majami'a da jera benci. Litinin ɗin Tela ta zama kamar kowace rana. Tana zaune tana gani ta gilashi matar Likita, wadda duk inda ta kai yadinta sauran mata ke bi, ta tsaya a tsallaken titi tana shafa hannun rigar 'yar tsana. Ran nan Tela ko abinci ba ta iya ci ba.

Sai ta ce to, ai ba Auta kaɗai Allah ya yi wa ƙafa ba. Ta ɗauko koren leshin ta farke shi. Ita gajeriya ce mai jiki, don haka ta rage tsawo, ta buɗe gefe ta ƙara ƙyalle a inda ido ba zai kai ba, ta sauke ƙugu, ta bar tattarar hannu yadda take. Da ta tsaya gaban madubi ita kanta sai da ta jinjina wa hannunta. Inna ta hango ta ta ƙofa, ta juya fuska bango.

Ranar Lahadi ta zauna a bencinta na ƙarshe. Ba ta ji karatu ba, ba ta ji wa'azi ba, tana ta bitar dokokinta. Da aka ɗaga waƙar baiko, benci ya bi benci har aka zo kanta. Ta dakata na gabanta suka yi nisa. Ta ajiye jaka a kan benci, don jaka na ɓoye ƙugu. Ta shiga tsakiya a hankali.

Kawuna suka fara juyowa. Bayan shekarun da ta yi tana ƙirga su daga baya, yau ga su ta gaba, ido cikin ido, abin ya hau mata kai kamar hayaƙi. Ta ga matar Likita ta sauke tabarau. Ta ga wata ta zunguri wata. Ta ce a ranta, ina Uwar Tsarki, ta zo ta gani.

Uwar Tsarki kuwa na gabanta. Auta ce ke riƙe da kwandon ɓangaren mata.

Sai da Tela ta ɗaga hannu ta ji shi sakayau. Duk shekarun nan ita ke danƙa wa Auta baiko a bakin ƙofa, ita ba ta taɓa tashi ba, yau kuwa babu wanda ya danƙa mata. Baikon da ta ware yana cikin jaka, jaka na can bencin ƙarshe, rigar kuma ba ta da aljihu, don aljihu na ɓata zaman siket. Komawa baya a gaban idanun nan duka, a ce Tela ta zo gaban Allah hannu wofi? Ba ta ko tsaya shawara ba. Ta dunƙule hannu, ta tura shi can cikin kwando kamar mai sakin abu mai nauyi, ta buɗe yatsu a kan iska.

Auta na kallon cikin kwandon. Ta ga yatsun sun buɗe, ta ga babu abin da ya faɗo. Ta ɗago suka haɗa ido. Tela ta shirya wa harara, ta shirya wa murmushin mugunta, da za ta san yadda za ta rama. Amma Auta ta ce mata abin da take ce wa kowa, da muryar da take ce wa kowa: "Ubangiji ya karɓa."

Tela ta juya sannu, aka ga ɗinkin baya. Ƙafafunta suka yi aikinsu, amma fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi. Ya karɓi me? Har ta isa benci tambayar na cizonta, kuma haushin duk a kan Auta ta ɗora shi. Yarinyar nan da gangan ta karɓi kwandon, da gangan ta faɗi haka, don ta tozarta ta.

Ta koma gida ta ɗumama abinci ta kai wa Inna, ta dangwarar da kwano. Da can Auta ce ke zama bakin gado ta ba Inna labarin wa'azi daga farko har ƙarshe, tunda tsohuwa ba ta iya zuwa. Yau Inna ta ce wa Tela ta zauna ta gaya mata abin da Fasto ya faɗa. Tela ta ce maganar Allah ya yi, me kuma zai yi. Inna ta ce wace daga ciki. Tela ta buɗe baki. Ta san matar Fasto shuɗi ta sa, wuyan ya yi mata faɗi. Ta san zif ɗin wata mawaƙiya ya karkace. Ta san wadda ta maimaita rigar makon jiya. Kalma ɗaya ta wa'azi kuwa, ko ta rantsuwa, babu. Ta laluba makon jiya, ta laluba bara, ta tarar duk yadi ne.

Inna ta ture kwanon har miya ta zuba a zanen gado. Tsohuwar da muryarta ba ta wuce ƙofa, ranar har mai gyaran waya ya ji ta. Ta ce ita ta goya Tela zuwa majami'ar nan, ita ta koya mata haɗa hannu, ba don ta girma ta je tana auna bayan mutane suna addu'a ba. Ta ce an kori mai kawo mata maganar Allah, an bar ta da mai kawo mata labarin zif.

"Ni fa nake ciyar da ke, Inna."

"Ɗauke abincinki. Da ake ta kuka a asibiti na ɗauka Auta ce mai ciwon. Ashe babbar majinyaciyar na nan gida tana taka keke."

Tela ta kwashe kwano ta fita tana huci. Ta wanke zanen gadon da ƙarfin da ya kusa yaga shi.

Litinin kuwa shago ya cika. Rigar ta yi aikinta fiye da yadda kowace riga ta taɓa yi a jikin Auta, don mata masu jiki sun fi yawa, kuma kowace ta ga kanta a ciki. Matar Likita ce a gaba, da leshinta a leda, wasu na biye da ita har bakin ƙofa. Ta tsallaken titi ta fito tana leƙe. Abin da Tela ta yi ta nema ke nan, ga shi ya zo har gida, amma tana jan tef babu ko ɗigon farin ciki a ranta.

Matar Likita ta ɗaga hannuwa ana auna mata ƙirji, bakinta bai huta ba. Ta ce ai jiya Tela ta hana ta sujada. Ta ce ko da aka ce a rufe ido a yi addu'a, ita ido ɗaya ta rufe, ɗayan na waige yana ƙirga tattarar hannun nan, har mijinta ya taka mata ƙafa. Sauran suka kwashe da dariya, wata ta ce ita ma, wata ta ce ita a bayan takardar sanarwa ta zana wuyan don kada ta manta.

"Ido ɗaya," in ji Tela.

"Wallahi ɗaya. Allah dai ya yafe mana, ke ce da alhakin."

Da wasa ta faɗa. Tela ta tsaya da tef a hannu, ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ga aikinta na shekaru a tsaye a gabanta yana dariya. Ba Auta kaɗai ta hana addu'a ba. Majami'a guda ta koya wa rufe ido ɗaya. Wani irin fushi ya taso mata wanda ba ta san inda za ta sauke shi ba, don wannan karon babu Auta a ciki, babu Fasto, babu Inna. Ta zare tef daga jikin matar Likita, ta tura mata ledarta, ta ce yau ba a awo. Ta ce su kwashe yadinsu su fita, kuma duk mai son ganin riga ta zo shago ranar aiki ta gani a rataye, kada wata ta sake kallonta a coci. Matar Likita ta ce ko Tela ta samu taɓin hankali ne. Tela ta ce ta tambayi mijinta, shi ne likita. Suka fita suna surutu, rabinsu suka tsallaka titi a kan idonta.

Ta kulle shago da rana tsaka, ta nufi majami'a da silifas ɗin aiki, zare na manne a zanenta. Ta tarar da Auta ita kaɗai tana goge benci da tsumma. Tela ta ciro abin da ta ware jiya daga jaka, ta miƙa mata, ta ce ta kai inda ake kaiwa, kuma maganar ta mutu a nan.

Auta ba ta karɓa ba. Ta ce akwatin na can gaba, Yaya ta san hanya. Ta ce kuma ba ita aka yi wa ƙarya ba, balle ta ce magana ta mutu.

"Har yanzu wa'azin ne? Na kori mutane a shago saboda ke, na zo da ƙafata, me kuma kike so?"

"Ni ba na son komai, Yaya. In saboda ni kika kore su, ki je ki kira su."

Tela ta ɗaga hannu kamar za ta kai mata mari, sai ta fasa. Ta sauke shi. Ta bi tsakiyar majami'a, babu waƙa, babu kan da zai juyo, silifas na ƙara a siminti. Da ta isa gaba ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta haɗa hannu yadda Inna ta koya mata, ta jira magana ta zo. Matar da ba a taɓa rufe wa baki ba ta rasa ta cewa. Ta waiga a fusace ta ce wa Auta ta zo ta fara mata, ita ta bi.

Auta ta zo ta durƙusa kusa da ita, amma ta ce ba za ta fara ba. "Ki gaya masa yadda kike gaya mana. Ya daɗe yana jin muryarki ta bango, ba za ta ba shi tsoro ba."

Tela ta sake haɗa hannu. Sannan ta fara, da muryar faɗa, don ita kaɗai gare ta.

"Ya Yesu, ni ce Tela. Na mai da gidanka shagona. Na sa yarinyar nan talla a gabanka, da ta ƙi na kore ta. Jiya na zo na yi maka ƙarya da hannuna, kana gani. Na ɗauka labule ya isa. Ban san yadda ake yi ba, amma ga ni, ka karɓe ni duka, har bakin nan, in kana da yadda za ka yi da shi."

Daga nan maganar ta narke ta zama kuka, irin kukan wanda bai saba ba, mai fita da ƙyar kamar tari. Auta ta riƙe mata kafaɗa har ta gama. Da suka miƙe Tela ta share fuska da gefen zane, ta saka baikonta a akwati, ta ce wa Auta ta je ta kwaso kayanta, Inna ta ƙi cin abincin kowa. Sai kuma ta gyara, ta ce in ta yarda. Ta ce ta yi mata laifi. Kalmar ta fito mata kamar ana zare ƙaya, amma ta fito.

Lahadin da ta biyo, lokacin shaida, Tela ta miƙe ta faɗi duk abin da take yi daga bencin ƙarshe, ba ta rage ba, har da hannu wofi. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ji haushi don sun gane kansu a cikin labarin.

Matar Likita ba ta sake taka shagon ba, ta koma tsallaken titi da mutanenta, ta tsallaken kuwa ta ƙara keke ta ɗauki ma'aikata. Aikin Tela ya ragu ƙwarai, ta koma ɗinkin kayan makaranta da gyare-gyare, suna ci suna ƙoshi amma leshi ya yi wuya a gidan. Auta ta dawo gida, daga baya ta yi aure, tana nan cikin masu hidima. Inna ta rayu wasu shekaru, kuma Tela ce ke kawo mata wa'azi, tana yi tana gardama da abin da Fasto ya faɗa. Fasto ya tsufa ya huta. Tela kuwa ba ta fasa sujada ba har ƙarfinta ya ƙare, faɗanta ya ragu amma bai tafi duka ba, kullum tana roƙon Ubangiji a kansa.